Yadda Ake Zaɓen Lensin Kyamara Don Hoton Namun Daji da Ƙananan Halittu

Duk wanda ya taɓa laɓaɓawa bayan tsuntsu da kyamara a hannu ya san wannan takaicin. Ka hango shi a kan reshe, launinsa na ɗaukar ido, ka ɗaga kyamara ka danna, da ka duba sai ka tarar da ɗan ɗigo a tsakiyar ganye. Ka ƙara taku biyu, ya tashi fir. Haka abin yake da mazari ko ƙudan zuma: ka matsa don ya cika hoton, kyamara ta ƙi yin fokas, ko inuwarka ta faɗa masa ya gudu. Matsalar guda ce a duka biyun, wato tazara. Kowace halitta tana da iyakar kusancin da take yarda da shi, aikin lensi kuma, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, shi ne ya cike abin da ya rage tsakaninka da wannan iyaka. Saboda haka zaɓen lensi daga dabbar yake farawa, zuwa kanti sai daga baya.

Mataki na farko: gano abin da kake ɗauka da nisan da yake tsaya maka

Kafin ka kashe ko kwabo, yi mako biyu kana fita da kayan da kake da su. Duk dabbar da ka tunkara, lura da inda ta fara ɗaga kai tana kallonka da inda ta gudu, ka ƙiyasta nisan da taku. Idan ka dawo, buɗe hotunan a kwamfuta. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin tsawon lensin da aka ɗauke shi da shi, wato lambar milimita (mm) da ke nuna ƙarfin jawowarsa. In ka ga kusan duka a ƙarshen zum ɗinka suke, kuma duk da haka sai ka yanke gefe-gefe kafin dabbar ta fito, to ƙarfin jawowa kake buƙata. In kuma yawancin hotunan da suka lalace na furanni ne da ƙwari, inda fokas ya ƙi kamawa don ka matsa da yawa, to lensin makiro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, shi ne ya kamata ka fara saye. Zaɓi ɗaya tukuna. Taura biyu ba ta taunuwa, kuɗin da aka raba wa lensi biyu masu rauni gara a haɗa shi a kan guda mai kyau.

Mataki na biyu: san bakin kyamararka da girman sensarta

Kowane kamfani yana da irin bakin da lensinsa ke shiga. Canon na da EF na kyamarori masu madubi da RF na marasa madubi, Nikon na da F da Z, Sony na da E, Fujifilm na da X. Lensin EF yana aiki a kan kyamarar RF da adafta, na F ma yana hawa Z da adaftar FTZ, amma ba a yin akasin haka. Akwai tarko ɗaya a nan: tsofaffin lensin Nikon irin AF-D ba su da injin fokas a cikinsu, don haka a kan FTZ, ko a kan ƙananan kyamarori irin D3500, da hannu za ka riƙa saita su. Sigma da Tamron suna yin lensi iri ɗaya da baki daban-daban, sai ka tabbatar bakin da aka rubuta a kwalin shi ne naka.

Sai girman sensa, wato ɗan farantin da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Cikakkiyar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ta APS-C ta fi ƙanƙanta, don haka tsakiyar abin da lensi ya kawo kaɗai take gani, sai dabbar ta fi cika hoton. Ana ninka tsawon lensi da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, da 1.6 a Canon, da 2 a tsarin Micro Four Thirds na OM System da Panasonic. Lensin 400mm a kan APS-C na Nikon yana nuna abin da 600mm zai nuna a cikakkiyar sensa. Ga mai koyon hoton namun daji wannan riba ce babba, kada ka bari wani ya sa ka raina ƙaramar sensarka.

Mataki na uku: lissafa milimitan da kake buƙata

Lissafin ba shi da wuya, kuma yana hana sayen gaibu. Ka ninka girman dabbar da tsawon lensin, ka raba da nisan da ke tsakaninku, duka a milimita. Abin da ya fito shi ne girman dabbar a kan sensa.

Ɗauki barewa mai tsayin mita ɗaya da ta tsaya a nisan mita 30. Da lensin 300mm za ta fito milimita 10 a kan sensa. Tsayin sensar APS-C bai kai milimita 16 ba, ke nan barewar ta cinye kusan kashi biyu cikin uku na hoton. Ya wadatar. Yanzu ɗauki ɗan tsuntsu mai tsawon santimita 15 a nisan mita 10. Da 400mm zai fito milimita 6 kacal. Ka sauya zuwa 600mm, ya koma 9. Amma ka bar 400mm ɗin a hannunka, ka yi haƙuri ka zauna a inuwa har tsuntsun ya sauko mita 5 daga inda kake, sai ya fito milimita 12. Rage rabin tazara ya fi ƙarin 200mm amfani, kuma ba a biyan komai a kansa.

Daga wannan lissafi za ka ga cewa manyan dabbobi, irin su giwa da ɓauna da birai da suka saba da mutane, 300mm yana isarsu, musamman a ƙaramar sensa. Lensin 70-300mm ba nauyi, kuma da shi mutane da yawa suka koyi aikin. Tsuntsaye kuwa 400mm shi ne mafari, 500 ko 600 ya fi daɗin aiki. A wannan rukuni akwai 150-600mm na Sigma da na Tamron, da Nikon 200-500mm da Z 180-600mm, da Sony 200-600mm, da Canon RF 100-400mm da RF 100-500mm. Ga wanda bai daɗe da farawa ba, ni zum nake ba shi shawara ya saya. Dalili kuwa, gano tsuntsu a cikin ganye ta lensin 600mm kamar neman allura ne a cikin yashi. Da zum sai ka buɗe zuwa 200mm, ka same shi, sannan ka jawo. Idan babbar dabba ta bullo kusa ba zato, ba sai ka ja da baya ba.

Akwai kuma iyakar da milimita ba sa iya tsallakewa. Da rana tsaka, iskar da ke tasowa daga ƙasa mai zafi tana rawa, irin wadda ke haifar da kawalwalniya a kan titi. Dabbar da ke nesa sosai a irin wannan lokaci ba za ta fito tangaran ba ko da wane lensi aka ɗauke ta, ƙarin jawowa ma ƙara bayyana rawar yake yi. Mutane da yawa sun zargi lensinsu da laushi alhali zafin ƙasa ne. Fita da sassafe ko da la'asar sakaliya ya fi sauya lensi.

Mataki na huɗu: auna haske, ka auna nauyi

Lambar da ke bin harafin f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Daga f/4 zuwa f/5.6 haske ya ragu da rabi, daga f/5.6 zuwa f/8 ya sake raguwa da rabi. Idan ka ga an rubuta f/5-6.3 a jikin zum, lambar ƙarshe ce taka, don a ƙarshen zum za ka yi yawancin aikinka.

Haske yana da muhimmanci ne saboda dabba ba ta tsayawa. Tsuntsun da ke zaune yana son saurin ɗauka na 1/500 na sakan ko sama, wanda ke shawagi 1/2000 ko fiye. Da f/6.3 a hasken safiya sai ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, kafin ka samu wannan saurin, hoton ya ɗan yi yashi-yashi. Kada wannan ya dame ka ƙwarai. Manhajojin gyaran hoto na yanzu suna rage yashin, amma hoton da ya yi dishi-dishi saboda motsi ba mai iya ceto shi.

Babbar ƙofa tana zuwa da babban gilashi. Lensin 600mm f/4 na ƙwararru nauyinsa ya kai kilo uku, kuɗinsa kuma ya ninka na zum sau da yawa. Nikon 200-500mm kilo 2.3 ne, Sony 200-600mm ya ɗan haura kilo biyu, Canon RF 100-400mm kuwa giram 635 ne kawai, sai dai ƙofarsa a ƙarshe f/8 ce. A kanti kilo biyu ba ya zama kamar wani abu. Gwada wannan: ɗaga lensin zuwa ido, ka tsaya a haka minti biyu cur kamar kana jiran tsuntsu ya juyo. In hannunka ya fara karkarwa kafin lokacin ya cika, ko dai ka haɗa da sandar dogarawa mai ƙafa ɗaya, ko ka nemi wanda bai kai shi nauyi ba. Lensin da ya yi wa mai shi nauyi, bayan wata biyu a gida ake barinsa.

Mataki na biyar: na'urar hana rawa, saurin fokas da zoben ƙari

Na'urar hana rawa sunanta IS a Canon, VR a Nikon, OSS a Sony, OS a Sigma, VC a Tamron. A dogon lensi kada ka sayi wanda ba shi da ita, sai in jikin kyamarar yana da tasa. Rawar hannunka take gyarawa, motsin dabba kuwa saurin ɗauka ne kaɗai maganinsa. Nemi kuma lensi mai maɓallin taƙaita fokas, wanda ke hana shi komowa kusa yana lalube alhali tsuntsun na can nesa.

Zoben ƙarin jawowa da ake sawa tsakanin kyamara da lensi yana da jan hankali. Na 1.4 yana mai da 400mm ya zama 560mm, amma yana cinye rabin haske. Na 2 yana cinye kashi uku cikin huɗu. A kan zum mai f/6.3, na 1.4 zai kai ka f/9, inda kyamarori masu madubi da yawa suke daina yin fokas da kansu. Ba kowane lensi ne ma yake karɓar zoben ba. Bar shi sai nan gaba.

Mataki na shida: lensin makiro

A nan kalmar da aka rubuta a jikin lensi tana iya yaudara. Zum da yawa an rubuta musu makiro alhali 1:3 ko 1:4 suke bayarwa. Makiro na ainihi shi ne mai 1:1, ma'ana ƙwaro mai tsawon milimita 10 zai fito milimita 10 a kan sensa. A cikakkiyar sensa, abu mai faɗin milimita 36 zai cika hoton daga gefe zuwa gefe, a APS-C kuma mai kusan milimita 23. Ƙudan zuma guda ya isa ya mamaye rabin hoto, har ka ga gashin jikinsa da ƙurar furen da ta manne masa.

Sai mu koma ga tazara, don ita ce ke bambanta lensin makiro da ɗan'uwansa. Duk masu 1:1 girma ɗaya suke bayarwa, ko 40mm ne ko 180mm. Bambancin shi ne nisan da za ka tsaya. Ka kula, nisan da kamfani ke rubutawa daga sensa ake auna shi, daga wata 'yar alama mai kama da da'ira da layi ya ratsa ta a saman kyamara. Abin da ya shafe ka shi ne abin da ya rage tsakanin bakin lensi da ƙwaron. Lensin 100mm ko 105mm an rubuta masa kusan santimita 30, amma in ka cire tsawon jikin lensin da kaurin kyamara, abin da ya rage bai wuce santimita 13 zuwa 15 ba. A 60mm yakan sauko ƙasa da santimita 10. A 40mm kuwa kusan taɓa abin kake yi, ka tare masa haske da kanka.

Don haka ga furanni da ganye da abin da ba ya gudu, 50mm ko 60mm ya isa. Ga ƙwari masu rai, 90mm zuwa 105mm shi ne daidai ruwa daidai tsaki, kuma kusan kowane kamfani yana da nasa: Tamron 90mm, Sigma 105mm, Canon 100mm, Nikon 105mm, Sony 90mm, duka f/2.8. A Micro Four Thirds, 60mm na Olympus shi ke tsayawa a wannan matsayi. Masu 150mm da 180mm suna ba da tazara mai kyau ga mazari da malam-buɗe-littafi masu saurin firgita, sai dai suna da nauyi da wuyar riƙewa. Wani abin kwantar da hankali shi ne da wuya ka sami lensin makiro na gaske da ba ya fitar da hoto tas, har tsofaffin. Zaɓi da tazara, ka bar damuwa da suna.

Wasu suna wuce 1:1. Canon RF 100mm yana kai girma sau 1.4, Laowa 100mm yana ninka girman abu sau biyu amma da hannu ake saita shi. Rashin fokas mai sarrafa kansa ba babbar asara ba ce a makiro. Yawancin masu wannan aiki suna tsayar da lensin a girman da suke so, sannan su riƙa matsawa gaba da baya a hankali da jikinsu har idon ƙwaron ya fito, su danna.

Dole ka san abin da ke jiranka. A 1:1 da f/8, kaurin wurin da ke fitowa tangaran bai wuce milimita ɗaya ba. A f/16 ya kusa biyu, amma daga nan hoton ke fara laushi gaba ɗaya saboda ƙofar ta yi ƙanƙanta. Ƙari a kan haka, a 1:1 hasken da ke isa sensa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa f/2.8 da ke jikin lensin ba za ka cika amfani da ita a kan ƙwari ba, tsakanin f/8 da f/13 za ka zauna. Ware wani abu daga kuɗinka don filasha, ka lulluɓe ta da farin abu mai tausasa haske, ko da farar takarda ce. Tsohon lensi da filasha mai laushi ya fi sabon lensi da ba shi da haske.

Mataki na bakwai: in kuɗi bai kai ba

Akwai hanyoyin ɗanɗana makiro da lensin da kake da shi. Zoben tazara fanko ne, ba gilashi a ciki, yana nesanta lensi da sensa don ya iya fokas kusa. Ka raba kaurin zoben da tsawon lensin, shi ne ƙarin girman da za ka samu: zoben 25mm a kan lensin 50mm yana ƙara rabin girma, a kan 200mm kuwa ɗan kaɗan ne. Ke nan gajeren lensi yake so. Sayi mai hakoran lantarki, in ba haka ba ba za ka iya sarrafa ƙofar haske ba. Muddin zoben na ɗaure, abin da ke nesa ba zai fito ba.

Tabaran kusa kuwa a gaban lensi ake maƙala shi, kuma dogon lensi ya fi so. Raynox DCR-250 ƙarfinsa +8 ne, yana kawo fokas zuwa santimita 12 da rabi daga bakinsa, a kan 200mm yana ba da girma sau 1.6. Wannan ya yi yawa ga mai farawa, DCR-150 mai +4.8 ya fi sauƙin sarrafawa. Guji masu gilashi falle ɗaya da ake sayarwa huɗu a jaka, suna zana launin shuɗi da ja a gefen komai. Araha ba ta ado.

Wani dogon zum ma yana taɓa ɓangaren biyu. Canon RF 100-400mm yana kai girman 0.41, wanda ya isa ga malam-buɗe-littafi da ƙadangare da hawainiya daga nisan kusan mita ɗaya. In irin waɗannan ne burinka, duba lambar girman da ke cikin bayanin zum ɗin kafin ka saya, wataƙila lensi ɗaya ya ishe ka shekara guda ko biyu.

Mataki na takwas: gwada kafin ka biya

Gani ya kori ji. Tafi da kyamararka da katinka, in akwai halin aro ko haya na kwana biyu ma ya fi. Lensi na hannu, wato wanda wani ya taɓa amfani da shi, yana da daraja ƙwarai, don gilashi ba ya tsufa da sauri kamar jikin kyamara, amma sai an bincika. Cire murafen biyu, ka haska tocila ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane zum yana da ita. Abin gudu shi ne zare-zare masu kama da saƙar gizo-gizo, wato funfuna, da hazo mai kama da hayaƙi. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Juya zoben zum da na fokas daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko akwai inda yake cijewa. Sa fokas ya tafi nesa ya dawo kusa sau da yawa kana sauraron injin, ƙara mai kama da kuka alamar gajiya ce. Kunna na'urar hana rawa, ka duba ko hoton ya natsu a idonka ko tsalle yake.

Daga nan sai gwajin ƙarshe. Nemi bango mai rubutu ko jerin bulo, ka tsaya daidai gabansa a nisan da ka saba samun dabbobinka, ka kai zum ƙarshe, ka buɗe ƙofar haske duka, ka ɗauka da saurin 1/1000. Sake ɗauka a f/8. Faɗaɗa hotunan ka duba tsakiya, sannan kusurwa huɗu. Kusurwoyin su ɗan fi tsakiya laushi, wannan daidai ne. In ɗaya gefen ya fito tas ɗayan ya dushe, wani gilashi ya goce a ciki, galibi saboda faɗuwa, sai ka mayar wa mai shi. In na makiro ne, kai shi 1:1 ka ɗauki rula mai layin milimita, ka ƙirga layukan da suka shiga hoton daga hagu zuwa dama: 36 a cikakkiyar sensa, 22 zuwa 24 a APS-C.